Yadda Kaskar Turai Ta Karkata Mini Baki

A lokacin da wannan abu ya faru, ni saurayi ne da bai daɗe da kammala hidimar ƙasa ba, mai digiri a fannin kiwon dabbobi, kuma ɗan fari a gidan wani manomi a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke tsakanin Bagwai da Ɗambatta. Ina roƙon Edita ya sakaya sunana, ko da yake na san duk ɗan garinmu da ya karanta wannan shafi zai gane ni, domin sunan da ake kirana da shi a yau daga wannan labari ya samo asali. A wancan zamani ina ɗaukar kaina mutum mai tsananin taka-tsantsan. Ba na haɗiyar ƙwayar magani sai na karanta takardar da ke cikin kwalinta har ƙarshe, ba na kuma faɗar magana sai na tabbatar da ita. Na ambaci wannan ne domin mai karatu ya san cewa masifar ba ta shigo mini ta inda na jahilta ba. Ta shigo ne ta ƙofar da na yi imani na fi kowa saninta.

Allah Ya nufe ni da samun gurbin wani kwas na 'yan watanni kan kiwon zamani a kudancin ƙasar Jamus. Na yi shiri irin wanda har yau ba na jin kunyarsa. Na yanki inshorar lafiya, na je an duba allurar rigakafina, na yi kwafin fasfo na raba shi a jaka da aljihu, na haddace lambar kiran gaggawa ta can. Da na gano cewa ba a yarda matafiyi ya shiga musu da nama ba, na mayar wa Inna kilishin da ta sa aka yi mini, abin da ya sa ta yini tana fushi. Na sayi rigunan sanyi masu nauyi a wurin masu gwanjo a Kano, waɗanda ban taɓa sawa ba, domin na sauka ne a farkon zafinsu. Na kuma ɗauki maganin zazzaɓin cizon sauro, saboda a tarbiyyarmu mutum ba ya tafiya ya bar shi a baya.

Akwai wani tsoro da na tafi da shi wanda babu inshorar da ke biyansa, kuma dole in bayyana shi kafin a fahimci sauran labarin. A garinmu, wanda ya yi tafiya mai nisa ya dawo da abin dariya, to ya dawo da suna. Akwai wani dattijo da ya je Ikko tun kafin a haife ni, aka yi masa musayar akwati a tasha, ya buɗe a gaban jama'a sai ga zannuwan mata. Ya rasu da daɗewa, Allah Ya jiƙansa, amma har gobe jikokinsa jikokin mai zannuwa ne. Mai raɗa irin waɗannan sunaye a zamaninmu kuwa ba kowa ba ne illa taubashina, ɗan gwaggona, wanda al'ada ta ba shi ikon ya tsokane ni yadda ya ga dama ba tare da na yi fushi ba. Ranar rakiya ya riƙe hannuna a bakin mota ya ce in je lafiya, Malam, shi ba ya son tsarabar agogo ko turare, abin da yake roƙo kawai shi ne in yi wani abin kunya ko da ƙarami ne. Babbar matsalar ita ce, a duk zuri'armu shi kaɗai ke da wayar da ake ganin mutum a cikinta. Duk maganar da zan yi da gida, ta hannunsa za ta bi.

A ranar farko a makarantar, wata dattijuwa mai kula da baƙin ɗalibai ta tara mu ta yi mana bayanin kiyaye lafiya. Na saurari kowace kalma da natsuwa: yadda ake kauce wa hanyar masu keke, yadda ake kula da jaka a tashar jirgin ƙasa, inda asibiti yake. Sai ta zo kan kaska. Ta ce a wannan yanki, daga bazararsu zuwa kakarsu, kaska na zaune a cikin doguwar ciyawa da bakin daji, kuma cizonta na iya jawo cuta mai tsanani. Ta ce mai shiga ciyawa ya sa dogon wando ya cusa ƙafar wandon a cikin safa, ya duba jikinsa idan ya dawo, in ya ga kaska ya cire ta da matsefata nan take, in kuma ya ga jan zobe a fata ko ya ji zazzaɓi ya garzaya wurin likita. A nan ne na ajiye alƙalamina. Na ce a raina, yau ga Baturiya tana koya wa ɗan mai kiwon raguna kaska. Ni da na tashi ina cire ta daga kunnen tumaki da hannuna, na kuma rubuta jarrabawa a kanta. Ban yi dariya a fili ba, domin ba tarbiyyata ba ce, amma ba zan ɓoye ba, na yi murmushi.

Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane abin da ciyawar can ta yi wa zuciyata ba. Mu gonakinmu manne suke da juna, babu taƙin ƙasa da ba shi da mai shi, gambar da ke kan iyaka ma an san ta wane ce. A ƙarshen rani kuwa, harawa takan zama kamar zinariya, mutum ya tafi da lauje tun safe ya dawo da abin da bai cika buhu ba. A shekarar nan Babbar Salla ta matso a daidai wannan matsi, Baba kuma ya turke raguna da niyyar kai su kasuwar Ɗambatta, kullum zancensa abin da za su ci. To sai ga ni, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sanye da kaftani da takalmi sau-ciki ba safa, na biyo wata hanya a bayan masaukinmu, na tarar da fili tun daga gabana har bakin daji, ciyawa kore shar tana kaɗawa, ba akuya, ba mai lauje, ba ko yaron da ke gadi. Na tsaya na yi salati. Daga nan na yi kuskuren kiran gida.

Taubashina ya kai wa Baba wayar a ƙofar gida, inda yake zaune da abokan hirarsa, har da maƙwabcinmu Kirista wanda suke kiwo tare tun suna samari. Da na juya wayar ga filin, sai duk suka matso suna leƙe. Baba, wanda ba ya kiran sunana saboda ni ɗan fari ne, ya ce Malam, wannan ta waye? Na ce ban sani ba. Ya ce to wa ke yanka ta? Na ce ban ga alamar ana yanka ba. Maƙwabcin namu ya ce ƙarya ne, hoto ne irin na kalanda. Baba ya ce in shiga ciki su gani. Na shiga har gwiwa. Ya ce in ƙara gaba. Na ƙara har ta kawo mini ƙugu. Ya ce in tsuguna a ga ko za ta rufe ni, na tsuguna ta rufe ni, aka yi kabbara a ƙofar gidanmu. Ya sa na tsinko na murza na shinshina, na ba shi rahoton ƙamshinta da laushinta. Wani daga cikin dattawan ya tambaya ko jirgin sama na ɗaukar dami. A ƙarshe, domin in nuna musu kaurinta, na kwanta a kanta rigingine ba tare da kowa ya umarce ni ba. Ina so a rubuta wannan daidai: kwanciyar ra'ayina ce, kada a ɗora wa mahaifina.

Ban duba jikina a ranar ba. Da na lura da wani ɗan baƙin ɗigo a can saman cinyata, wurin da ba na son in ƙara bayani a kansa, sai na ɗauka tawadar Allah ce da ban taɓa kula da ita ba. Kaskar da na sani tana kai girman ƙwayar wake in ta ƙoshi, wannan kuwa ba ta kai ƙwayar riɗi ba. Ba zan iya faɗin tsawon zaman da ta yi ba, domin ban tabbatar ba, amma ya isa a ce tawadar ta yi ƙiba, kuma da na haska ta da fitilar waya na ga tana da ƙafafu. Ba ni da matsefata. Na yi mata abin da muke yi a gida: na lafta mata man zafi domin ta saki, da ta ƙi na matse ta da farce na fizge. Daga baya na ji cewa duka biyun suna cikin abubuwan da aka hana, kuma dattijuwar nan ta faɗe su a daidai lokacin da nake murmushi.

Bayan wani lokaci jan zobe ya fito a wurin, yana faɗaɗa a hankali. Na dube shi da idon mai digiri na yanke hukuncin cewa makero ne, na shafa masa abin da nake da shi. Sai zazzaɓi ya biyo baya, da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi. Duk Bahaushe ya san sunan zazzaɓi, don haka na buɗe jaka na shanye maganin cizon sauro daidai yadda takardarsa ta ce, ina yaba wa kaina da hangen nesa. Zazzaɓin ya lafa ya dawo. A can ƙasan raina na san abin da ya kamata in yi, amma duk hanyar da na duba kunya ce a tsaye. Likitar makarantar mace ce, ciwon kuma ga inda yake. Inna ba ta ma yi mini magana kai tsaye, sai dai ta ce a tambayi wancan ko yana cin abinci, balle in yi mata zancen cinya. Kuma ko da zan iya, ta wayar wa? Na hango taubashina riƙe da wayar yana sauraren yadda ɗan boko ya tsallaka teku ya kwaso kaska kamar karen farauta. Na gwammace zazzaɓin.

Wata safiya ina alwala, na ɗibi ruwa zan kurkure baki, sai ruwan ya zubo ta gefe ɗaya ya jiƙa mini riga. Na sake, ya sake zubowa. Na duba madubi na ga ɓarin fuskata na hagu ya sauka, idon ba ya rufuwa sosai, in na yi murmushi rabin bakina ne kawai ke amsawa. Ina cikin wannan firgici aka kira daga gida. Baba ne, cike da farin ciki, yana ba ni labarin yadda cinikin raguna ya kasance da kuma sabbin da ya sayo zai turke. Na yi iya ƙoƙarina in nuna murna. Sai na ga ya ƙura mini ido. Ya ce Malam, yatsina kake yi mini? Na ce a'a, amma da a'ar ta fito ta gefen baki sai ta ƙara ɓata al'amarin. Ya ce ai ya sani, wanda ya ga shanun Turawa dole ya raina ragunan ubansa, ba laifina ba ne, laifin wanda ya sayar da amfanin gona ya kai ni makaranta ne. Na jiyo Inna daga bayan zana tana cewa a gaya wa wancan ya riƙa addu'a, iska ce ta buge shi. Taubashina kuwa ya leƙo ya ce a kwantar da hankali, haka Turawa ke magana da rabin baki, Malam ya fara ƙwarewa ne. Baba ya miƙa masa wayar ya tashi ba sallama. Tunda nake, bai taɓa yi mini haka ba.

A ɗakin shan shayi dattijuwar nan ta gan ni ina zubar da shayi a ƙirji. Ba ta tambaye ni ra'ayina ba, ta sa ni a mota sai asibiti, domin ta ji tsoron shanyewar ɓarin jiki ne. Bayan gwaje-gwaje, har da na zazzaɓin cizon sauro tunda daga ƙasarmu na fito, wanda bai nuna komai ba, likitar asibitin, wadda ita ma mace ce, ta tambaye ni ko na shiga ciyawa, ko wani abu ya cije ni. Na faɗi gaskiya, na ƙara da roƙon ko za a samu namiji ya duba wurin. Ta ce wannan ai ba komai ba ne, ta fita ta turo abokin aikinta. Abin da na shafe makonni ina gudu ke nan, ya ƙare kafin in gama jin kunyar. Da ta dawo ta tambayi abin da na yi wa ciwon, na lissafa mata man zafi da farce da maganin makero da na cizon sauro, tana rubutawa ba ta ɗago ba. Sai ta tambayi abin da na karanta a jami'a. Na so in ce tarihi. Amma ban saba ƙarya ba, na ce kiwon dabbobi. Ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai ta ci gaba da rubutu.

Ta bayyana mini cewa cuta ce da kaskar yankin ke ɗauke da ita, ta taɓa jijiyar fuskata, kuma da na zo tun ganin jan zoben da abin bai kai haka ba. Aka ɗora ni a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta na wani tsawon lokaci, aka ba ni na ɗigawa a ido da abin manne shi lokacin barci. Ta ce akwai kyakkyawan fatan fuskar ta koma daidai, amma sai a hankali. Inshorar da na yanka ta ɗauki nauyin komai, wannan kaɗai ne abin da zan iya tinƙaho da shi a duk labarin.

Saura Baba. Na zauna na auna al'amarin ta kowace fuska. In na yi shiru, sunana zai tsira, mahaifina kuma zai ci gaba da zama da zaton ɗansa ya raina shi. In na yi magana, ta wayar taubashina za ta bi. Na kira. Na roƙi a kai wa Baba, na kuma roƙi mai wayar ya ɗan matsa gefe, ya ce hannunsa ne ke riƙe da ita, ba zai iya matsawa ya bar hannun ba. Na faɗi komai, tun daga kwanciyar har zuwa asibiti. Baba ya saurara har na gama. Ya ce kaska? Na ce kaska. Ya ce irin ta tumaki? Na ce 'yar uwarta ce, amma ƙarama. Ya ce kai da ka yi shekaru kana karanta dabbobi? Na ce ni ɗin. Sai hoton ya fara rawa, na ga sama, na ga ƙasa, na ga ƙafafun mutane, domin mai riƙe da wayar ya faɗi yana birgima. A cikin hayaniyar na ji Baba yana cewa a yafe masa, shi ya sa ni shiga. Na ce shiga ce ya sa ni, kwanciyar tawa ce. Na ji Inna, a karon farko a rayuwata, ta matso kusa ta yi mini sannu da bakinta.

Na kammala kwas ɗin, na gabatar da jawabin ƙarshe da rabin baki, aka ba ni takardar shaida. Fuskata ta dawo daidai bayan na dawo gida, sai ɗan abin da ba mai lura da shi in ba ni ba. Sunan kuwa ya riga ni sauka. Tun a tashar Ɗambatta wani kwandasta da ban taɓa gani ba ya karɓi jakata ya ce sannu da zuwa, Malam Mai Kaskar Turai. Na daina jin zafinsa. Da na auna shi da fuskar Baba ranar da ya tashi ba sallama, na ga ya yi araha.

Abin da na koya shi ne, matafiyi ba ya cika faɗawa ramin da yake tsoro, ya fi faɗawa wanda ya ce ya sani. Ga duk ɗan uwa ko 'yar uwa mai shirin zuwa ƙasashen nan, musamman a lokacin zafinsu, ina roƙonku ku saurari gargaɗin mutanen wurin har ƙarshe, ko da a kan abin da kuka tashi a cikinsa ne. Ku tambayi likita tun kafin tafiya ko akwai rigakafin da ya dace da yankin da za ku, domin na ji akwai wata cutar ta kaska mai rigakafi, ko da yake ba ita ta kama ni ba. Kada ku tafi ba inshora. In za ku shiga ciyawa ku cusa wando a safa ko da za ku yi kama da ɗan sandan zamanin da, ku duba jikinku in kun fito, ku ajiye matsefata a jaka. Ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba, kuma maganin da kuka taho da shi daga gida bai san cutar can ba. Fiye da komai, kada kunya ta hana ku ganin likita. Ni na ɓoye ciwo a inda ba mai gani, sai ya fito mini a fuska.

Kwanakin baya na taya Baba yankan ciyawa a bakin gonarmu, 'yar guntuwa wadda ba ta kai idon sawu ba. Ya tsaya ya share gumi ya tambaye ni ko waccan ta Jamus har yanzu tana nan ba a yanka ba. Na ce ina kyautata zaton tana nan. Ya dubi laujensa, sannan ya ce shi tun ranar ya kamata ya gane, Malam, duk ciyawar da ka ga ta kai ƙugu ba a taɓa ta ba, to da mai ita a ciki.